Tsakanin Mujalla da Teburin Kwamishina

A shekarar 1995 wani babban gwaji da aka gudanar a ƙasashe da dama ya nuna cewa allurar magnesiyam salfet ta fi diyazefam hana jijjiga sake taso wa mai juna biyu. A 2002 gwajin Magpie, wanda ya haɗa mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya ƙara da cewa maganin yana rage haɗarin jijjigar da fiye da rabi ga matan da jininsu ya hau. Ga shi da araha. Duk da haka, shekaru bayan nan, diyazefam ɗin aka ci gaba da yi wa matan da aka kawo suna taune-taune a asibitoci da yawa na arewacin Najeriya.

Hujja ta wadata, amma tana kwance a mujallar da kwamishina ba ya karantawa, a cikin harshen da mai tsara kasafin kuɗi ba ya aiki da shi. Tambayoyin hukuma daban ne: nawa za a kashe, wa zai yi allurar idan babu likita, yaya ungozoma za ta gane maganin ya yi yawa a jiki? Wannan tsoron na ƙarshe shi ya riƙe hannun ma'aikata da dama, kuma rahoton gwaji bai zo da amsarsa a shirye ba.

A Kano aka ga abin da amsa irin waɗannan tambayoyin ke haifarwa. A 2008 ƙungiyar Population Council, tare da ma'aikatar lafiya ta jiha, ta shigar da maganin asibitoci 10, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka ba su ƙa'idar aiki mai sauƙin bi. Rahoton da Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna mace-mace tsakanin masu wannan ciwo sun sauko daga kashi 20.9 cikin ɗari zuwa 2.3. Shekara 13 ke nan bayan gwajin farko, kuma iyalai da yawa sun yi zaman makoki a tsakani.

Domin rage irin wannan jinkiri Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin EVIPNet a 2005, reshenta na Afirka ya biyo baya a 2006, da Nijar da Kamaru cikin ƙasashen farko. Abin da ake koya wa masu bincike a nan shi ne rubuta taƙaitacciyar takardar shawara: a bayyana matsalar da alƙalumman ƙasar, a kawo mafita biyu ko uku da kuɗin kowace, a faɗi ƙarfin hujjar kowace tsakani da Allah, sannan a zauna da jami'an ma'aikata a tattauna. A Jami'ar Makerere ta Yuganda har sashen amsa tambayoyin gaggawa aka buɗe, inda jami'i ke samun amsa cikin kwana 28. A Abakaliki kuwa, Farfesa Jesse Uneke ya daɗe yana haɗa masu bincike da jami'an gwamnati a aji ɗaya, kuma wannan tsari ya fi dacewa, domin kowane ɓangare yana da abin koyo.

Akwai masu fargabar cewa taƙaitawa za ta sa mai bincike ya ɓoye shakkunsa don faranta wa 'yan siyasa. Fargabar tana da tushe, shi ya sa auna ƙarfin hujja ya kamata ya riƙa cin kaso mafi girma na horon.

Babban cikas ɗin yana cikin jami'o'in kansu. Ƙarin girma ga malami ya fi rataya a kan yawan maƙalun da ya wallafa, don haka matashin malami da ya yi wata guda yana shirya wa ma'aikatar lafiya takardar shawara yakan ga kamar ya bar aikinsa ne. Majalisun jami'o'i ke da ikon saka irin wannan takarda cikin abin da ake ƙirgawa.