Kingsway Rendezvous

Kingsway Rendezvous sunan gidajen cin abinci ne da kamfanin UAC ya gudanar a Najeriya. Sun samo asali ne daga manyan kantunan Kingsway, kuma daga gare su Mr Bigg's ya fito.

Tarihi

An kafa UAC a shekarar 1929, bayan haɗewar Niger Company da African and Eastern Trade Corporation. A 1948 kamfanin ya buɗe babban kantin Kingsway a Legas, inda ake sayar da tufafi da kayan ɗaki da abincin gwangwani duk a gini ɗaya. Da farko Turawa ne mafi yawan masu saye, daga baya ma'aikatan gwamnati da attajirai 'yan ƙasa suka rinjaye su.

A shekarun 1960 an keɓe wuraren shan shayi da kofi a cikin kantunan, domin mai saye ya huta ya ɗan taɓa wani abu kafin ya koma gida. A 1973 aka raɗa musu suna Kingsway Rendezvous. Kalmar "rendezvous" Faransanci ce, ma'anarta mahaɗa.

Tsarin gini

Kantunan Turawa na farko a Arewa, irin waɗanda aka gina kusa da tashar jirgin ƙasa a Sabon Garin Zariya, nesa da ganuwar birni, ɗakuna ne masu rufin kwano da baranda. Mai saye yakan tsaya ne a gaban kanta, akawu ya miƙo masa kaya. Kingsway ta sauya wannan tsari. Gine-ginenta na manyan birane benaye ne na kankare, masu faffaɗan tagogin gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, kuma mutum na iya zagayawa ya duba kaya da kansa. Wannan ne ya sa wurin cin abinci ya dace da ginin, tunda wanda ya daɗe yana yawo a ciki yana bukatar wurin zama.

Koma-baya

A shekarun 1980 ƙarancin kuɗin waje da takunkumin shigo da kaya sun durƙusar da kantunan, waɗanda yawancin hajarsu daga ƙetare take zuwa. Ɓangaren abinci ne ya tsira. A 1986 UAC ta buɗe Mr Bigg's na farko a Marina, Legas, daga nan rassansa suka bazu har zuwa biranen Arewa.