Harajin Bai-ɗaya da Harajin Gwargwadon Samu a Togo

Harajin bai-ɗaya shi ne wanda ake ɗora wa kowa daidai wa daida, ko dai wani kuɗi ƙayyadadde a kan kowane baligi, ko kaso guda daga abin da mutum ya samu. Na gwargwadon samu kuwa hawa-hawa ne: kason da ake yanka yana ƙaruwa idan samu ya ƙaru. A Togo, jayayyar wanne ya fi adalci ta girmi 'yancin kan da ƙasar ta samu a 1960.

Jamusawa, da suka mulki ƙasar, su ne suka fara. A 1907 suka wajabta wa kowane namiji baligi aikin gwamnati na kwana 12 a shekara, galibi gyaran hanya da dako, ko ya fanshi kansa da mak 6, kuɗin Jamus. A takarda, falke mai dukiya a Zangon Lome da manomin ƙauye nauyinsu ɗaya. A zahiri falken ya biya ya koma cinikinsa, manomin ya bar gonarsa.

Da ƙasar ta koma hannun Faransa bayan yaƙin duniya na farko, kuɗin kai ya zama ginshiƙin haraji, alhali ita Faransar ta zartar wa mutanenta dokar haraji hawa-hawa tun 1914. Abin ya fashe a lokacin karayar tattalin arzikin duniya. Farashin koko da ƙwarar manja ya faɗi, kuɗi ya yi wuya, sai Gwamna Robert de Guise ya ƙara haraji, ya kuma jawo matan kasuwa ciki. Ranar 24 ga Janairu 1933 aka kama shugabanni biyu na ƙungiyar Duawo mai adawa da ƙarin. Matan kasuwar Lome suka yi dafifi zuwa fadar gwamna, ba su watse ba sai da aka saki shugabannin. Tarzoma ta kai washegari. Daga baya aka kawo sojoji daga Kodebuwa, aka yi kashe-kashe. Matan nan ba su ce kada a biya haraji sam ba; abin da suka ƙi shi ne a yanka wa mai tallar kifi kuɗi ba tare da an dubi jarinta ba.

Irin wannan ƙorafi ne talakawan Arewacin Nijeriya suka daɗe suna yi, har gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979.

Masu goyon bayan bai-ɗaya na zamani suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce: lissafi mai sauƙi, ƙarancin kafar zille wa biya, da rashin hukunta mai ƙwazo. Istoniya ta ɗauki kashi 26 cikin 100 ga kowa a 1994, Rasha ta bi da kashi 13 a 2001, kodayake ta soma komawa hawa-hawa a 2021.

Togo ta yau hawa-hawa take bi a harajin samu, wanda ke kaiwa kashi 35 ga manyan masu samu, kuma hukumar haraji ta OTR da aka kafa da dokar 2012 ce ke karɓa. Sai dai tsarin ya fi kama mai albashi, wanda ake cire masa tun kafin kuɗin ya shigo hannu. A kasuwar Hédzranawoé, cibiyar cinikin gwanjo a Lome, akasarin 'yan kasuwa ba su da littafin shiga da fita da za a auna ribarsu da shi. Ƙanana daga cikinsu suna biyan haraji guda da ake kira TPU, wanda ake ƙiyastawa bisa girman ciniki, ga kuɗin tikitin kasuwa. A kan waɗannan akwai harajin kaya na TVA, kashi 18, wanda mai shigo da diloli daga tashar jiragen ruwa da mai yawo da riguna a kafaɗa suke biya daidai duk sa'ad da suka sayi abu a kanti.