Kaifin Hoto Daga Nesa: Yadda Ake Auna Gilashin Zuƙowa da Yadda Ake Inganta Aikinsa

Gilashin zuƙowa shi ne dogon gilashin da ake ɗaura wa kyamara domin janyo abin da ke nesa ya cika hoto. Waɗanda suka fi yawa a hannun ɗaliban aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da masu hoton biki na Sabon Gari su ne masu lamba 55-250mm da 70-300mm, galibinsu na hannu. Lambar tana nuna tsawon zuƙowa: gwargwadon girmanta, gwargwadon yadda abin nesa ke matsowa. Kaifi kuwa shi ne iyakar ƙananan abubuwan da ido zai iya rarrabewa a hoton, kamar harafi a jikin takarda, ko lambar mota, ko sunan da ke ƙirjin kaki.

Ga mai hoton ɗaurin aure, hoto mai dishi-dishi asarar ciniki ce. Ga ɗan jarida kuwa asarar hujja ce. Bayan arangamar sojoji da mabiya Harkar Musulunci da ta faro ranar 12 ga Disamba, 2015 a kan titin Sakkwato a Zariya, muhawarar da aka yi ta tafkawa ta jingina ƙwarai ga hotuna da bidiyon da ɓangarorin suka fitar, har ƙungiyar Amnesty International ta koma ga hotunan tauraron ɗan'adam wajen nazarin wurin da ake zargin kabarin bai-ɗaya ne a Mando. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023 ma, an ɗora hotunan takardun sakamako na EC8A a rumbun IReV na hukumar zaɓe, kuma daga cikinsu akwai waɗanda ba sa karantuwa sam. Wakilin da jami'an tsaro suka tsayar nesa da rumfar zaɓe, takardar sakamako tana liƙe a bango, ba shi da abin dogaro sai gilashinsa.

Me ya sa nesa ke da wahala

A tsawon 300mm, kan ƙaramar kyamara irin ta masu koyo, faɗin abin da gilashi ke gani bai wuce digiri huɗu da rabi ba. Kyamara mai megafiksel 24 tana shimfiɗa ɗigo 6,000 a kan wannan ɗan faɗin. Ke nan idan hannu ya karkata da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri a lokacin ɗauka, hoton ya goce da ɗigo kusan 13. Lambar da aka rubuta da biro, mai tsayin santimita ɗaya, in an ɗauke ta daga mita 20, ba ta wuce ɗigo 38 ba. Gocewar ɗigo 13 ta isa ta sa a kasa bambance 3 da 8. Numfashi kaɗai yana iya jawo hakan.

Na biyu shi ne siririn wurin da saiti ke kamawa. A 300mm da ƙofar haske f/5.6, idan mutum yana nisan mita 10, yankin da zai fito tangaran bai wuce santimita 25 ba daga gaba zuwa baya. In kyamara ta kama makirufo ko kafaɗar dogarin da ke gaba, fuskar mai jawabi ta tafi.

Gane irin ciwon kafin magani

Ba a yanke wa hoto hukunci a ɗan allon bayan kyamara, domin a can kowane hoto kyakkyawa ne. A buɗe shi a kwamfuta, a faɗaɗa shi zuwa kashi 100, sannan a duba. Idan komai ya ja layi zuwa gefe guda, ko gefen abubuwa ya fito biyu-biyu, girgizar hannu ce. Idan bango ya fito garau amma mutum ya goge, motsin mutumin ne ya fi saurin kyamara. Idan akwai abu mai kaifi a gaba ko a bayan wanda ake nufi, saiti ne ya kauce. Sai idan babu wuri ko ɗaya mai kaifi, babu kuma alamar jan layi, sannan zargi ya koma kan gilashin kansa ko kan iska. Mafi yawan gilasan da ake kai wa masu gyara da ƙorafin sun lalace lafiyarsu ƙalau. Hannu ne da saiti.

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. A liƙa shafin jarida a bango mai haske, a kafa kyamara a kan ƙafa uku ko kan tebur a nisan mita 8 zuwa 10, tana fuskantar bangon sosai. A kashe na'urar hana girgiza, a sa ISO 100, a sa agogon jinkiri na daƙiƙa biyu don kada yatsa ya motsa ta. A ɗauka a 100mm, da 200mm, da ƙarshen zuƙowa, kowanne a buɗaɗɗiyar ƙofa, sannan a f/8 da f/11. Abin da aka saba gani a gilasai masu araha shi ne kaifi mai kyau har wajen 200mm, da laushi a ƙarshe, wanda f/8 ke rage shi sosai. Wuce f/11 kuma kaifi yana sake raguwa, saboda haske yana watsuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa. A kwatanta kusurwoyi huɗu na hoton: in ɗaya ta fi sauran lalacewa a kowane ɗauka, to wani gilashi na ciki ya goce, alamar an taɓa yar da shi. Mai sayen na hannu ya yi wannan gwajin kafin ya biya, ya kuma haska fitilar waya ta cikin gilashin. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, kuma tana yaɗuwa da damina.

Domin auna saiti, a jingina rula a karkace, a saita kan lamba guda ta madubin leƙawa, a duba ko kaifin ya sauka a kanta. In kullum yana sauka gaba ko baya, wasu kyamarori suna da wurin daidaita hakan a cikin jerin saituna.

Iskar Zariya

Akwai abin da babu tsadar gilashin da ke maganinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana cika sararin da ke tsakanin kyamara da abin ɗauka, sai baƙi ya koma toka-toka, rubutu ya dushe. Mai son ganin hakan ya ɗauki ginin majalisar jami'a a Samaru daga wuri guda mai nisa, sau ɗaya a Janairu, sau ɗaya bayan ruwan sama a Agusta. Da bazara kuma, kwaltar da ta taso daga Samaru ta bi Kwangila zuwa PZ tana fitar da hucin da ke murɗa layuka, har turken lantarki ya fito kamar maciji. Zaɓukan ƙasar nan sun saba faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai tsakanin waɗannan matsaloli biyu. Maganin shi ne ɗauka da sassafe, da hawa wuri mai tudu don kada kallo ya bi saman kwalta, da matsawa kusa in tsaro ya bari. Mita goma na tafiya sun fi milimita ɗari na zuƙowa.

A nan ya kamata a tuna cewa tsakanin Samaru da Sabon Gari akwai barikin Basawa, da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, da Defo na sojoji. Ba wuraren gwada dogon gilashi ba ne.

Saituna a fagen aiki

Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. A ƙananan kyamarori ana ninka tsawon da 1.5 a Nikon ko 1.6 a Canon, don haka 300mm yana son 1/500 ko sama. Na'urar hana girgiza, wadda Canon ta fara sa wa gilashin zuƙowa na 75-300mm a 1995, tana ba da damar sauka ƙasa da haka, amma hannun mai ɗauka kawai take tsarewa. Dokin da ya zaburo a hawan sallah na Zazzau yana buƙatar 1/1000 ko fiye, ko da na'ura ko babu.

Da rana tsaka wannan ba matsala ba ce: f/8 da ISO 400 suna ba da kusan 1/1600. Matsalar tana zuwa ne da magariba, lokacin ƙidayar ƙuri'u. A ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200 ba tare da fargaba ba. Hoto mai tsaki-tsaki ana karanta shi, wanda ya girgiza kuwa ba ya gyaruwa. A zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya maimakon barin kyamara ta zaɓa, a manne gwiwar hannu da haƙarƙari ko a jingina da bango, a ɗauka uku ko huɗu a jere. Sau da yawa na tsakiya ne ke fitowa. A cire gilashin kariya mai araha da ake ɗaurawa a baki, domin a dogon zuƙowa aibinsa yana ninkuwa. Hular gilashi ta isa kariya, tana kuma tare hasken da ke wanke hoto. Ƙurar hunturu a hure ta da famfon iska tukuna. Gogewa da bakin riga karce ne.

Iyakar gyara a kwamfuta

Manhajojin gyara suna ƙara kaifi ta hanyar ƙarfafa bambancin haske a gefen abubuwa. Kaɗan daga hakan halas ne a aikin jarida, amma ba ya dawo da abin da kyamara ba ta kama ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira su kuwa suna cike gurbin da hasashe. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wayoyin Samsung bayan an nuna suna ƙara wa hoton wata zanen da babu shi a abin da aka ɗauka. A kan wata abin wasa ne. A kan takardar sakamako ko fuskar wanda ake zargi da harbi, hasashen manhaja ƙage ne, kuma lauya ɗaya ya isa ya rushe rahoton da aka gina a kansa. Haka zuƙowar waya da yatsu biyu: bayan iyakar gilashinta, yanka hoto kawai take yi tana hura shi.

WhatsApp yana matse hoto yana kuma goge bayanan da ke cikinsa na rana da lokaci da saitin kyamara, sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Wakili ya riƙa ɗauka a tsarin RAW in kyamararsa tana da shi, ya daidaita agogonta kafin ya fita, ya ajiye ainihin fayil ɗin a wuri biyu ba tare da ya taɓa shi ba, ya yi gyara a kan kwafi.