Wa Ke Tsaya Wa Yaro a Gaban Alƙali? Daga Wurno Zuwa Rara

A littattafan fiƙihun Malikiyya da malamanmu suka gada akwai wata ƙa'ida da ba kasafai ake tuna ta ba. Idan aka naɗa sabon alƙali a gari, ba da masu ƙarar da ke zaune a zaurensa zai fara ba. Zai fara da waɗanda ke kurkuku, ya binciki dalilin tsare kowannensu. Daga nan sai ya koma kan marayu: wa aka bar wa amanarsu, ina dukiyarsu, me aka yi da ita. Har shela zai sa a yi cewa kada kowa ya ƙulla ciniki da maraya ba da sanin mai kula da shi ba. Wannan yana cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalan Daular Usmaniyya suka ƙoshi da shi kafin a ba su buzun shari'a. Dalilin kuwa a fili yake. Ɗan kurkuku da maraya su ne mutum biyu da ba za su iya kawo kansu gaban alƙali ba, don haka aka ɗora wa alƙali ya neme su.

Da wannan shari'a ake hukunci lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗin Wurno wajen 1830, inda ya rasu a 1837, kuma da ita aka ci gaba a zamanin ɗansa Aliyu Babba, wanda Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar yana mulki daga Wurno a 1853. Ƙasar da muke kira Rabah da Rara da Goronyo a yau, a gindin wannan fada take.

Shari'ar ta tanadi mutum uku da za su yi magana da bakin yaro. Na farko ubansa. In uba ya rasu, sai wasiyyin da ya bar wa amana. In babu wasiyyi, ko kuwa ya ci amanar, alƙali ya naɗa wani da kansa. Raino kuma haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwa ta auri bare, raino ya koma ga kakar wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yayarta, haka har a gangaro. An shar'anta wa mai raino amana da lafiya da wurin zama mai aminci, kuma alƙali yana da ikon ɗauke yaro daga hannun wanda ya kasa. Mu dai mun san al'adarmu ta sha bamban da littafin nan, domin a gidaje da yawa da zarar an yaye yaro bayan saki, sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, a miƙa wa kishiyar uwa. Hatta jaririn da aka yar an yi masa babi. Ɗaukarsa farilla ce a kan jama'ar gari, ɗa ne ba bawa ba, cinsa da suturarsa daga baitulmali, in ba a samu ba kuwa a wuyan wanda ya tsince shi. Masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage, ba daga Halilu suka ɗauko ba.

Sai dai tsarin ya fi ƙarfi inda akwai gona ko garken shanu da za a ƙirga. Inda ya yi rauni shi ne yaron da mai cutar da shi, shi ne kuma wakilinsa. Wa zai kai ƙarar uba a madadin ɗa, alhali uban ne bakin ɗan a gaban shari'a? Ga kuma matsalar shaida. Malikiyya sun karɓi shaidar yara a tsakaninsu game da rauni ko kisa, muddin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ya kitsa musu magana ba. Wannan sassauci ne da wasu mazhabobin ba su yi ba. Amma shaidar yaro a kan babba ba ta tsayar da hukunci. Abin da aka yi wa yarinya a ɗaki ba a gaban kowa ba, sai dai a samu wata gwaggo mai zuciya ko maƙwabcin da ya ga tabo ya ƙi yin shiru.

Akwai kuma yaran da duk wannan bai shafa ba, wato 'ya'yan bayi da ke rinjojin da suka kewaye Sakkwato da Wurno. Su wakilinsu ubangidansu ne. Turawa sun zo da dokar da ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, suka ci Sakkwato a Maris 1903, amma ba su soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake, wasu aka kai su gidan 'yantattu na Zungeru, daga baya a 1909 aka miƙa wa 'yan mishan na SUM a Rumasha da ke bakin Binuwai. Wasu aka raba wa masu riƙo. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, da suka bi rajistocin kotuna na wancan lokaci a littafinsu na 1993, sun nuna yadda 'yan mata da yawa suka fita daga bauta ta hanyar fansa, amma mai biyan kuɗin fansar shi ne wanda zai aure su ko ya ajiye su a matsayin ƙwarƙwara. An rubuta sunan yarinya a rajista, an rubuta kuɗi, ba a tanadi wanda zai tambaye ta ba.

A ƙarƙashin mulkin En'e an hana lauya shiga kotun alƙali sam. Wani ɗan Rabah ya ɗanɗana abin da hakan ke nufi. Ahmadu Bello, wanda ya zama uban ƙasar Rabah a 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938, an tuhume shi wajen 1943 da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa, da taimakon wani matashin lauya na Legas, Bode Thomas, sannan aka wanke shi. Jikan Sarkin Musulmi ke nan, mai ilimin Kwalejin Katsina, mai Turanci a baki, bai kuɓuta ba sai da wani ya tsaya masa. To ina ga 'yar talla mai shekara tara?

A zamanin da shi Sardaunan yake Firimiya aka yi dokoki biyu da suka daɗe suna aiki a kanmu. Dokar Yara da Matasa ta 1958 ta kawo kotun yara, ta kuma ba da dama a gabatar da yaron da ke buƙatar kulawa ko kariya a gaban kotu ko da bai yi laifin komai ba. Kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960 ya mai da yar da yaro da gallaza masa laifi. Amma a cikin kundin nan dai an halatta wa uba da mai riƙo da malami su hori yaro, in dai ba su yi masa mummunan rauni ba. Tsakanin horo da zalunci akwai fili mai faɗi, kuma a wannan fili mafi yawan yaranmu ke shan wuya. Wanda doka ta sa ya bincika ya kawo rahoto shi ne jami'in jin daɗin jama'a, ma'aikacin gwamnati mai albashi kaɗan da ƙauyuka da yawa. Majalisar Ba da Agajin Shari'a ta zo a 1976, amma ƙarfinta ya fi karkata ga kare wanda ake tuhuma.

Ba mu kaɗai muka yi wannan jinkiri ba. A New York a 1874, wata mai wa'azi da ke zaga gidajen talakawa, Etta Wheeler, ta rasa wanda zai saurare ta game da wata yarinya, Mary Ellen, da mariƙiyarta ke duka tana kullewa. Ƙarshe sai ta je wa shugaban ƙungiyar kare dabbobi, Henry Bergh, shi ya sa lauyansa ya kai maganar kotu. Shekara ɗari bayan haka, a 1974, Amurka ta sa doka cewa jihohi su riƙa naɗa wa yaro wakili a shari'ar cin zarafi. A 1977 wani alƙali a Seattle, David Soukup, ganin yana yanke makomar yara da bayanin da bai taka kara ya karya ba, ya fara horar da 'yan sa kai daga cikin mutanen gari. Aikin kowane ɗaya shi ne ya bi yaro guda ko 'yan gida guda, ya ziyarci gida da makaranta da asibiti, ya faɗa wa alƙali abin da ya gani.

A wurinmu, shari'o'i biyu na farkon dawo da hukunce-hukuncen haddi sun nuna bambancin da mai tsayawa ke kawowa. A Tsafe ta Zamfara, a Satumba 2000, an yanke wa wata yarinya da ba ta kai 18 ba bulala saboda ciki. Ta ce tilasta mata aka yi, ta ambaci maza uku, suka musa aka sallame su. Ba ta da lauya a ranar shari'ar. Lauyoyin ƙungiyar BAOBAB suna shirin ɗaukaka ƙara aka zartar mata da bulala 100 a Janairu 2001. A Gwadabawa kuwa, matar Tungar Tudu da aka yanke wa jifa a Oktoba 2001 ta samu lauyoyi, suka tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato da hujjojin doka da na fiƙihun Malikiyya kansa, aka soke hukuncin a Maris 2002. Littafi ɗaya aka buɗe a duka biyun.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Dokar ta kafa kotun iyali, ta kuma ba kotu ikon naɗa wa yaro wakili na kansa, wanda ba na uba ba ne, ba na uwa ba ne, ba na gwamnati ba ne, kuma yana da ikon duba takardun hukuma da suka shafi yaron. Ga wanda ya karanta Halilu, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma da yake sha'anin yara hurumin jihohi ne, dokar ta tsaya a Abuja sai kowace jiha ta yi tata. Jihohinmu suka ja da baya, galibi saboda batun shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure da kuma batun mai da ɗan riƙo ɗa. A ganinmu an yi asara babba a nan: saboda sassa ƙalilan da ake jayayya a kansu, aka bar sauran dokar gaba ɗaya a ajiye. Sai a Nuwamba 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan Dokar Kare Yara ta Jihar Sakkwato. Wanda aka haifa a 2003 ya riga ya fita daga yarinta a lokacin.

Mu dubi yadda aikin yake a ƙasa. A ce an ci zarafin yarinya a wani ƙauye na gundumar Rara. Maganin rigakafin ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Cibiyar Nana Khadija, da aka buɗe a 2020 don irin waɗannan, tana Asibitin Ƙwararru a cikin birnin Sakkwato, haka ofishin NAPTIP da mafi yawan lauyoyi, har da na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Kuɗin mota na mutum biyu ko uku, a hanyar da ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba. Kafin gari ya waye dattawa sun shiga, ana zancen rufin asiri da zumunci da wanda zai aure ta nan gaba. Idan an daure an kai ga majistare, Dokar Shaida ta 2011 ta ce yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai da wata hujja mai ƙarfafa ta. Hujjar nan ita ce takardar likita, wadda in an makara ba ta da abin faɗa. Sai ɗage zama, sai wani ɗagen, har uba ya gaji da barin gonar albasa ya daina zuwa, a kori ƙara. Aikin mai tsaya wa yaro a nan kaɗan ne daga cikinsa ke faruwa a gaban alƙali. Mafi yawansa neman mota ne, da zama da uban ƙasa da liman, da bin ɗan sanda mai gabatar da ƙara don kada fayil ya ɓace, da samo abin da zai tabbatar da shekarun yarinya a gidan da ba a taɓa karɓar takardar haihuwa ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya ga yaran Arewa da aka gurfanar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024 bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasunsu suna zubewa don yunwa bayan watanni a tsare, ya ga abin da ke faruwa in ba a tsaya tun ranar farko an ce wannan yaro ne ba.

Yanzu kuma gabashin Sakkwato na samar da marayu fiye da yadda dangi za su iya ɗauka. A Yuli 2018 an kashe mutum fiye da 30 a Tabanni da kewaye, waɗanda suka tsira suka cika Gandi. A Oktoba 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka binne mutum 43. A Maris 2024 an sace almajirai 15 a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada. Mun saba cewa ɗa na kowa ne, amma kawun da a da zai ɗauki marayun ɗan'uwansa shi ma yana kwance a ajin firamare da nasa iyalin. Yaran nan ana rarraba su: wannan almajirci a birni, wannan aikatau, wannan aure da wuri don a rage baki. Iyayensu kuwa ba wasiyya suka bari ba, don ba su san ranar ce ba. Sun bar gonakin tudu da na fadama a ƙauyukan da aka watse, ba takarda, iyaka sai wadda maƙwabta suka sani. Yaron da ya baro Tabanni yana ɗan shekara shida a 2018 zai cika 18 a 2030. Ranar da ya koma neman gonar ubansa ya tarar da wani a ciki, alƙalin kotun shari'a zai nemi ya kawo shaidu biyu adilai da suka san iyakar.