TARIHIN PILGRIM'S REST: GARIN DA YA RAGE BAYAN ZINARIYA TA ƘARE

'Yan'uwa, a cikin duwatsun lardin Mpumalanga na ƙasar Afirka ta Kudu akwai wani ƙaramin gari mai suna Pilgrim's Rest, ma'anarsa wurin hutun matafiyi. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a nan, gama garin ya nuna abin da ke saura a wuri bayan abin da ya tara mutane ya ƙare.

A shekara ta 1873 wani mai haƙa, Alec Patterson, ya bar sansanin Mac-Mac saboda cunkoso, ya tura kayansa a baro ya hau duwatsu, har ya tarar da zinariya a cikin wani rafi. Ya yi shiru yana wanke yashinsa shi kaɗai. Ba a daɗe ba William Trafford ya iso rafin, shi kuwa bai ɓoye ba, ya je ya yi rajista. Ran 22 ga Satumba 1873 hukuma ta shelanta wurin filin haƙar zinariya, kafin shekara ta kewayo kuwa mutum wajen 1,500 sun kafa tantuna a bakin rafin.

Zinariyar da ke cikin yashi ba ta jima ba. Wadda ta rage tana can cikin dutse, fid da ita kuwa sai da injuna da jari mai yawa. A 1881 David Benjamin ya sami izinin haƙa daga gwamnatin Transvaal, ƙananan masu haƙa suka fara watsewa, waɗansu zuwa Barberton, waɗansu daga baya zuwa Johannesburg. A 1895 aka haɗa kamfanoni suka zama Transvaal Gold Mining Estates, wanda ya riƙe garin shekaru masu yawa. Lokacin yaƙin Boer da Ingila, a 1902, Boer suka buga kuɗin zinariya kusa da garin da kayan aikin ma'adinai, ƙwaya ba ta kai 1,000 ba. A 1911 aka buɗe tashar lantarki ta Belvedere a kogin Blyde domin injunan niƙa dutse. A 1972 aka rufe ramin Beta, aikin da ya kafa garin ya tsaya.

Garuruwan haƙa da yawa sun zama kufai, amma wannan bai zama ba. Tun da kamfani ɗaya ne ya mallaki gidajen, bai kuma damu da sabunta su ba, sai suka tsaya yadda aka gina su da katako da kwano. A 1986 aka mai da garin duka abin tarihi na ƙasa.

Baƙo zai ga Alanglade, gidan da aka gina wa manajan kamfani a 1915, da kayan ɗaki irin na zamanin. Zai ga tsohon kanti da ɗakin buga jarida, a bakin rafi kuma ana nuna yadda ake wanke yashi a faranti. Akwai majami'ar Anglika ta St Mary da ta Methodist da ta Katolika. A otal ɗin Royal kuwa akwai abin da ya kamata ya sa mu tunani: ɗakin shan giyarsa ɗakin sujada ne a dā, aka kwance shi, aka hauro da shi daga bakin teku a keken shanu, aka sāke kafa shi domin wani aiki dabam.

Maƙabarta tana kan tudu. Kaburburan suna fuskantar gabas, sai ɗaya da ya gitta daga arewa zuwa kudu, ana ce da shi kabarin ɓarawo. An ce an kama shi yana sata a tanti, aka kore shi, da ya komo aka harbe shi. Ba a rubuta sunansa ba.

Ba shi kaɗai ne ya rasa suna ba. Dubban 'yan Afirka, da yawa daga Mozambik, su suka shiga ramuka suka fasa dutsen, a kan albashi kaɗan, suna kwana a barikin kamfani can gefen gari. Gidan manaja yana nan da kujerunsa, amma sunayen yawancin ma'aikatan ba su kan allo ko kan dutse. Mu da kakanninmu suka yi aikin kuza a Jos mun san irin wannan mantuwa.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk lokacin da muka zauna rubuta tarihin wani wuri, kada mu tsaya ga gine-gine da sunayen manya. Mu nemi tsofaffin da suka ɗauki tubali da ruwa a ka, mu rubuta sunayensu tun suna iya faɗa mana da bakinsu.