Kratos: Dogarin Zeus Da Wasan Bidiyo Ya Mayar Ɗan Tawaye

Duk wanda ya zauna gidan gem a zamanin PlayStation 2 ya san Kratos, ƙaton nan mai ƙwaryar molo da jan zane a fuska, wanda ya hana allolin Girkawa sakat. To, Kratos na tatsuniyar asali ba haka yake ba.

Wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mawaƙi Hesiod ya kawo shi a cikin Theogony a matsayin ɗan Pallas da Styx, ɗan'uwan Nike da Bia da Zelus. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Zeus, sarkin alloli, da allolin Titan, uwarsu Styx ce ta fara kai 'ya'yanta su yi wa Zeus mubaya'a. Ladan da ta samu shi ne alloli su riƙa rantsuwa da ruwan koginta, 'ya'yan kuma su zauna a fada har abada. Kratos ya zama dogari, abin da sarki ya ce shi ke nan.

A wasan kwaikwayon Prometheus Bound, wanda ake jingina wa Aeschylus, shi ne ya tasa ƙeyar Prometheus zuwa dutse saboda ya sato wuta ya ba mutane. Maƙeri Hephaestus yana ɗaure shi yana jin tausayi, Kratos kuwa yana tsaye a kansa yana ta daka masa tsawa. Daga baya Heracles ne ya ceci Prometheus.

A 2005 kamfanin Santa Monica Studio na Sony ya fitar da God of War, aka juya labarin. Kratos ya koma mayaƙin Sparta da Ares, allahn yaƙi, ya yaudara har ya kashe matarsa da 'yarsa. A kashi na biyu, 2007, ya tarar da Prometheus a ɗaure tsuntsu yana cin naman jikinsa, ya raba shi da azabar ta hanyar jefa shi wuta. A na uku, 2010, ya kashe Heracles, ya kashe Hephaestus, ya ƙare da Zeus, wanda a wasan shi ne mahaifinsa. A 2018 aka kai shi ƙasar allolin arewacin Turai tare da ɗansa Atreus.

Girkawa sun yi amfani da Kratos don nuna yadda mulki ke danne mai gardama. Masu wasan kuwa sai suka damƙa wa mai gardamar takobi.