Tsohon Allon Hawan Igiyar Teku: Abin da Gwanjo Ba Ya Sa wa Farashi

Tun daga shekarar 2001, lokacin da Randy Rarick ya fara shirya gwanjon tsofaffin allunan hawan igiyar teku a Honolulu, katakon da a da ake yasarwa a bayan gida ya zama kadara. Abu biyu ke ɗaga farashi a wannan kasuwa: sunan wanda ya sassaƙa allon, da ƙyallin da yake yi bayan an gyara shi. A ganina duka biyun suna kawar da ido daga ainihin darajar allon, wato kasancewarsa shaidar yadda masassaƙi ya yi tunani game da ruwa.

Masassaƙan Hawai na dauri ba su sa hannu a aikinsu ba. Sukan sare icen koa ko na wiliwili, su fafe shi da gizagon dutse, su goge da murjani har ya yi santsi, sannan su shafe shi da man ƙwallon kukui don kada ruwa ya ci shi. Allon olo, dogo mai kauri a tsakiya, na sarakuna ne. Alaia kuwa, gajere kuma siriri, shi ne na kowa da kowa. Bayan zuwan 'yan mishan a 1820, ga cututtukan da suka rage yawan jama'a ƙwarai, wasan ya ja baya, sana'ar sassaƙar ma ta kusa mutuwa.

Abin da ya faru a gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu ya isa hujja. A can aka ajiye allunan basarake Abner Paki, wanda ya fi tsawo a cikinsu ya kai kusan ƙafa 16. Wani Ba'amurke, Tom Blake, ya zauna da su a shekarun 1920 yana gyarawa, yana aunawa, yana lura da yadda gefensu ya lanƙwashe. Ya kwaikwayi sigarsu, sai nauyi ya dame shi. A 1926 ya huda ɗaruruwan ramuka a jikin allonsa, ya rufe sama da ƙasa da siririn katako. Daga nan allo mai rami a ciki ya samo asali, kuma ya sami takardar mallakar fasahar a 1932. A 1935 ya ƙara ɗan fiffike a ƙarƙashin wutsiya. Da allunan Paki suna kulle a falon wani attajiri, da Blake bai taɓa ɗora hannu a kansu ba.

Sauran tarihin ya zo da sauri. A 1937 John Kelly da abokansa suka sa gatari suka tsuke wutsiyar allo don ya daina zamewa a kan babbar igiya. Bob Simmons ya haɗa icen balsa da zaren gilashi a ƙarshen shekarun 1940. A 1958 Hobie Alter da Gordon Clark suka koma ga soson roba mai tauri, zamanin katako ya shuɗe. Waɗannan sunaye ne kasuwa ta sani, domin da su ake iya rubuta takardar shaida.

Masu tara allunan suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Ba don kuɗinsu ba, da gara da damina sun cinye allunan da yawa. Na yarda da wannan. Inda na rabu da su shi ne gyaran da ya wuce kima. Idan aka kankare tsohon fenti, aka cike kowane tsagi, aka malala sabon danƙo, to an share sawun gizago, an ɓoye inda ƙafar mai shi ta cinye katako, an daidaita karkacewar da wataƙila da gangan masassaƙi ya bar ta. Mai bincike da zai zo nan gaba hannun mai gyara zai auna.

Akwai wata hanya, kuma an gwada ta. Allon da Duke Kahanamoku, gwanin wasan daga Hawai, ya sassaƙa da hannunsa lokacin ziyararsa a Sidni, a ƙarshen 1914, yana nan a ƙungiyar masu ceto ta gaɓar Freshwater, inda ya hau ruwa da shi, kuma jama'a na iya zuwa su gan shi. Cibiyar adana tarihin wasan da ke Kalifoniya ita ma tana jera alluna bi da bi, yadda mai kallo zai ga sauyin siga daga wannan zamani zuwa wancan. Kamata ya yi masu gwanjo su riƙa rubuta duk gyaran da aka yi wa allo, su kuma ɗauki awonsa su wallafa kafin ya shige gidan wanda ya saya.